Ka Tsaya Inda Haule Za Ta Gan Ka

Ajingi, ranar Laraba bayan azahar.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga malamin makarantar Gaya, wanda ya san kansa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka a zaune cikin jirgin ƙasa, ba a tsaye bakin ƙofa ba. Allah Ya kai ku Ibadan lafiya, kai da Haule, Ya dawo mana da ku kowa a kan ƙafafunsa.

Ka san ba zan iya gaya maka waɗannan maganganu baki da baki ba. Shekara ashirin da shida ban kira sunanka ba, in zan aike ka sai in dubi bango in ce a ɗebo ruwa. Haka muka tarar ana yi da ɗan fari. Takarda kuwa ba ta da ido, shi ya sa na ɓuya a bayanta. Na ce wa innarka ta tura ta ƙarƙashin ƙulin guzuri. In mai ya cinye wasu kalmomi ka cike da iliminka, don haka aka kai ka kwaleji. Ni a aji uku na elementare na sauka, kuma ba wanda ya yi kukan rashina.

Bari in fara da ɓarnar da na yi, tunda ba wanda ya gaya maka. Shekaranjiya ka tafi Gaya karɓo takardar hutu, ka bar matarka tana shan kunu. Ka dawo ka tarar ta juya fuska bango tana cewa a bar ta ta mutu a ɗakinta, ita ba ta zuwa ko'ina. Ka tambayi kowa, kowa ya ce bai sani ba. To, ni ne.

Babanta Malam Iro ya zo daga Toranke da hantsi, ya same ni a zaure. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba, a yi masa bayanin wannan abu da likitoci za su zura wa 'yarsa daga hannu har zuciya. Ka san daga nan har Gaya ni ake tambaya wannan magana, tunda ni na raka innarka aka yi mata shekara takwas da suka wuce. Da na ce masa Allah ne mai yi na yi shiru, da an rabu lafiya. Sai na ce ya jira ni.

Na ɗauko gorar innarka mai dogon wuya, na ce wannan ita ce zuciya, wuyan shi ne jijiya. Na zaro tsohuwar wayar birkin keke daga akwatin aikina, na fara turawa ina bayani. Ta shiga lafiya. Da na zo fitarwa, ashe bakinta ya tarwatse, ta nannaɗe a ciki ta ƙi fitowa. Na ja, na murɗa, na sake ja. Malam Iro ya zuba mini ido, can ya ce, "To Malam Habu, in ta maƙale haka a jikin mutum, yaya ake yi?"

Na ce, "Ai akwai dabara."

Na taka gorar da ƙafa na fizga. Gora ta fashe gida biyar.

Sai muka ji faɗuwar kwano a bayan zana. Na manta an shimfiɗa wa Haule tabarma a inuwar nan saboda ɗaki yana tare mata numfashi, kuma zanar akwai ɓula.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Abin da likitocin suke zurawa ba waya ba ce. Siririyar roba ce mai laushi, ta fi kama da robar bawul ɗin keke, kuma a lokacin akwai robar bawul a aljihuna. Wayar birki na ɗauko don ta fi ban tsoro, ni kuwa na fi son labarina ya ba da tsoro, don a san na ga abin da wasu ba su gani ba. Saboda haka ina gargaɗinka, don na san halin malamai: kada ka zaro biro a jirgi ka ce za ka zana mata zuciya da jijiyoyi. Mai jin tsoro ba darasi yake nema ba. In ta tambaya ka ba ta amsa daidai tambayar, ka yi shiru.

Yanzu zan ba ka labarin tafiyarmu yadda ta faru, ba yadda ka saba ji a zaure ba. Kana makarantar kwana a lokacin, abin da ka sani daga bakina ka ji shi, wato ba ka san komai ba ke nan.

Ciwon innarka ya yi kama da na Haule. In ta yi daka kaɗan sai ta zauna tana haki, ƙafafu da hannuwa suka kumbura har zobe ba ya fita a yatsa, takalmi ba ya shiga. Daga Gaya aka tura mu Kano, likitan Kano ya ce sai Ibadan, can ne suke da na'urar leƙa zuciya. Ya yi mini bayani dalla-dalla ta bakin wani ma'aikaci. Na fito, innarka ta ce, "Malam, me ya ce?"

Na ce, "Hoto kawai za a ɗauke ki."

Ta ce, "Duk Kano ba mai hoto sai Ibadan?"

Na ce, "Na can ya fi fitowa."

A ganina tausayi na yi. Baiwar Allah ta sa lalle, ta ɗauko zanen da take zuwa biki da shi, ta ranto ɗankunne wurin maƙwabta. Da muka isa aka ba ta gado, aka karɓe zanen, aka ba ta wata riga da bayanta yake a buɗe. A gadon kusa da ita akwai matar wani mai fataucin goro, Bahaushiya, wadda aka yi wa irin aikin. Kafin in dawo daga alwala ta gaya mata komai, har da ƙari. Innarka ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe hoton ciki ne." Daga nan ta daina yarda da duk abin da ya fito bakina. Ko na ce an kira azahar sai ta leƙa taga ta duba rana. Ka ga ranar da take bukatar mutum ɗaya da za ta gaskata a garin da ba ta jin yarensu, ni da kaina na ƙwace mata shi.

Kada ka ce wa Haule ba komai ba ne. Komai ne. Ka gaya mata gaskiya: ba za a sa ta barci ba, za a yi mata allurar kashe zafi a gwiwar hannu, a ɗan tsaga, a zura robar, a kashe fitila don su ga hasken na'urarsu. Ka gaya mata kuma leƙe ne ba gyara ba, so suke su san abin da ke ciki kafin su san maganin da za su ba ta. In ta tambayi abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ku tambayi likita tare. Na san wannan kalma tana yi wa malamin makaranta nauyi a baki. Ka gwada faɗarta sau uku kafin ku kai Kaduna.

Sai maganar fura. Aka sa mana rana, sistar ɗakin ta ce daga cin tuwon yamma kada komai ya sake shiga bakin innarka har a gama. Na ce na ji. Amma akwai kwalbar rubutu a jakata, wadda wani malami ya yi mana tun daga gida, ya ce a sha ranar aikin da safe. Na zauna na yanke wa kaina fatawa cewa rubutu ba abinci ba ne. Ta sha. Rubutun ya kwana biyar a kwalba, ga zafin jirgi da ya sha, ta yamutsa fuska. Ni kuwa na taho da fura daga Sabo, unguwar Hausawa inda na sauka, don karin kumallona. Na ce, "Kurɓi sau ɗaya ki kashe ɗacin." Ka san yadda muke. A wurinmu wanda ya bar mara lafiya da yunwa bai san jinya ba, duk ƙaunar da muka iya a kwano take. Kurɓa ɗaya ta zama biyu, kafin mu farga ƙwarya ta yi rabi.

Sista ta shigo da masu tura gado. Wata doguwar mata ce, in tana tafiya sai ka ji dabe yana amsawa. Ta dubi leɓen innarka, ta dubi gemuna, don ni ma na taya ta sha. Ta yi magana mai tsawo da Turanci. Ban tsinci ko kalma ba, amma na fahimci duka. Aka ɗaga aikin kwana shida.

Daga baya aka ganar da ni cewa tsoronsu kada mutum ya yi amai yana kwance ya shaƙe. Don haka rubutun da Malam Iro ya ba ku, ta sha shi tun ana gobe, kafin lokacin hani. In ya rage a shafa mata a fuska da ƙirji, albarkar tana nan. Ranar aikin ko za ta dube ka da ido kamar na maraƙi, ka riƙe hannunka a aljihu. Kai kuwa ka ci abinci ka ƙoshi, amma a waje, inda ba za ta gani ba, kuma ka goge baki.

Kwana shidan nan da na jawo mana su ne mafi tsawo a rayuwarta. Ni kuma maimakon in zauna kusa da ita sai na koma majalisar 'yan goro a Sabo ina neman labari. Kowa ya san wani da aka yi wa abin. Wani ya ce robar tana fitowa ta hanci. Wani ya ce in aka taɓa zuciyar mutum yakan manta sunan garinsu. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa wuce ƙofar asibitin. Ni kuwa in kwaso duka in kawo bakin gadonta, in zauna ina cewa, "Ba komai, ba komai, kada ki ji tsoro." Ran nan ta ce, "Malam, in ba komai, sauke ƙafarka daga jikin gadon nan. Tun ɗazu jijjiga ni kake."

Za ka ji tsoro, kada ka yi musu. Amma tsoronka naka ne, kada ka ɗora mata a kan nata. In ya cika ka, fita bakin famfo ka yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka gaya wa Wanda Ya halicci zuciyar. Sannan ka dawo. In ta ce, "Kai ma tsoro kake ji?" ka ce e, amma ina nan. Ya fi "ba komai" ɗari. Majalisar Sabo kuwa ka gaishe su ka wuce.

To, ga ranar. Likitan yana bukatar wanda zai riƙa gaya wa innarka ta ja numfashi, ta riƙe, ta yi tari. Tun zuwanmu nake yawo a asibitin ina "yessa, yessa", har suka ɗauka ina jin Turanci. Aka ce in shigo in yi tafinta. Aka koya mini kalmomin uku, aka rataya mini wata riga mai nauyin buhun gero, wai dalma ce a ciki don kare jiki daga hasken na'ura. Ana tura gadonta, daidai bakin ƙofa, innarka ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, abu ɗaya. Ka tsaya inda zan gan ka."

Shekara ashirin muna tare a lokacin, ba ta taɓa roƙona irin wannan ba. Na ce, "Haba, ina za ni?"

Aka kwantar da ita, aka ajiye ni daidai kanta, aka kashe fitila. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma mai gyaran keke ba ya ganin ana aiki da hannu bai leƙa ba. Na ce bari in ga yadda suke shigar da ita. Na matsa taku biyu, na zagaya bayan likita, na miƙa wuya. Tsagar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ni da nake yanka rago da hannuna kowace layya. Amma na ga robar tana shiga hannun uwarka, tana shiga, tana shiga, ba ta ƙarewa. Sai na ji kunnuwana sun toshe, na ga dabe yana tasowa zai gaishe ni.

Na farka a kan benci a baranda, ba riga, ba hula, ƙulu a goshi kamar ƙwan zabo, wani mai shara yana yi mini fifita da kwali. Ban daɗe da tashi zaune ba aka turo innarka, hannunta a naɗe da bandeji. Ta juyo kai ta dube ni ta ce, "Sannu, Malam. Yaya jikin?"

Abin da suka gano, wata ƙofa ce a zuciyarta ta ɗan tsuke. Ba a yanka ta ba, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, aka hana ta gishiri da kanwa. Ga ta nan har yau tana matsar man gyaɗa tana yi mini faɗa.

Da muka dawo Ajingi mutane suka cika zaure suna barka. Wani ya ce me ya sami goshina. Na ji bakina yana cewa na'ura ce ta buge ni lokacin da na sunkuya in riƙe ta. Daga nan labari ya fara girma kamar kabewa a juji. Shekara ta zagayo na zama ni na riƙe fitila. Wata shekarar likita ya rasa yadda zai karya kwana da robar, ya juyo ya tambaye ni, na nuna masa yadda muke yi da wayar birki. Kai ma ka ji wannan, na ga kana gyaɗa kai. Duk lokacin da nake bayarwa innarka tana bayan zana tana ji, ba ta taɓa cewa uffan ba. Na ɗauka duhun ɗakin ne ya rufa mini asiri.

Jiya da la'asar ina raɓe-raɓe a tsakar gida saboda maganar gora, tana zaune gaban turmi tana juya gyaɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, zauna." Na zauna. Ta ce, "Labarin nan ka ba da shi ya fi sau ɗari. Ka taɓa tambayar wadda aka kwantar?"

Na duba, ban taɓa ba. Na ce to na tambaya. Ga abin da ta ce, na rubuta maka yadda ta faɗa, don shi ne kaɗai abin amfani a takardar nan.

Ta ce, "Da na ji rim, na ɗauka wani ƙarfensu ne ya faɗi. Na juya ido inda na bar ka, ba kowa. Sai zuciyata ta fara dukan ƙirji kamar kazar da aka rufe a kwando. Likita yana magana ban san me yake cewa ba. Na yi niyyar tashi zaune, da robar da komai. Sai na ji tafin hannu a goshina. Wata nas ce Bayarabiya, ta ce a Sabon Garin Kano ta girma, Hausarta duk a karkace. Ta ce, 'Mama, na ga hannunki, ƙuli kike yi ko?' Na ce e. Ta ce ita ma tana yi, amma mai ba ya fito mata, alhali tana zuba ruwan sanyi sosai. Na ce, 'Ruwan sanyi? Wa ya koya miki? Ruwan zafi ake sawa, kaɗan-kaɗan, ana juyawa.' Ta ce to in fara mata tun daga farko. Na fara daga suya. Ta ce, 'Ja numfashi, Mama. Riƙe. Saki. To bayan an soya fa?' Na ce a murje a sheƙe. Ta ce ita ba ta sheƙewa, da ɓawon take niƙawa. Raina ya ɓaci, na ce shi ya sa ƙulinki yake ɗaci."

Na ce, "To zafin fa?"

Ta ce, "Allurar farko ce mai zafi, kamar harbin zuma. Bayan ita sai dannawa kawai kake ji a hannu, a ciki ba ka jin tafiyar komai. Sau biyu zuciyata ta yi kamar ta yi tuntuɓe, nas ɗin ta ce robar ce ta taɓa bango, yanzu zai wuce, ya kuwa wuce. Can ta ce za a zuba wani ruwa, zan ji ɗumi. Na ji kamar an kwarara mini kunu mai zafi daga wuya har tafin ƙafa, har na ɗauka na jiƙa musu gado. Ban jiƙa ba. Kafin in kai ƙarshen Fatiha ya tafi. Muka koma kan ƙuli. Ban kai ga tuya ba aka kunna fitila."

Ta ci gaba da juya muciya, can ta ce, "Matar nan ta iya ƙuli, Malam. Da gangan take ɓatawa. Na gane tun a ruwan sanyi, na ƙyale ta."

Daga nan ta wanke hannu ta shiga ɗakin Haule. Na ji ta ce mata, "Tashi ki ga abin da ake yi wa kuka." Ta nuna mata tabon gwiwar hannunta, wanda in ba ka sani ba sai ka ce ƙaya ce ta karce ta. Sun daɗe a ciki. Kafin magariba matarka ta nemi kunu.

Amma kada ka ɗauka an gama. Haule ta yarda ta hau mota, ba ta yarda da teburin likita ba tukuna. Ta gaya wa innarka cewa in ta duba ba ta gan ka ba, sauka za ta yi ko da robar a hannunta. Kuma likitan Kano ya gaya maka da kansa, in ba a leƙa ba lalube za su yi ta yi, ita kuwa kullum numfashinta raguwa yake. Ga 'yarku tana rarrafe a tsakar gida. Saura aikinka.

Ni na san ɗan wa kake. Kana tafiya taku goma a gabanta, ba ka kiran sunanta, in ta yi magana a gaban mutane sai ka dubi sama. A wurina ka gado. To wannan kunya, in kun zo gadar Kaduna ka sauke ta ka ajiye a gindin gada, in kun dawo ka ɗauki abarka, ba mai sacewa. A Ibadan ba wanda ya san ka. Ka zauna a bakin gadonta. In ta miƙo hannu ka riƙe, sama ba za ta faɗo ba.

Ka roƙi likita ya bar ka ka shiga, kai Turancinka na gaske ne. In ya yarda, ka tsaya daidai kanta, ka dubi fuskarta. Abin da ake yi a hannu ba naka ba ne, akwai masu shi. In ka ji kunnuwanka sun fara toshewa kada ka yi jarumta, ka zauna a ƙasa nan inda kake, ka ci gaba da magana, ko ba ta ga fuskarka ba ta ga hularka. In kuma sun hana ka shiga, ka raka ta har ƙofar ƙarshe, ka nuna mata bencin da za ka zauna, ka roƙi wata nas ta tsaya a kanta. Sannan ka zauna a wannan benci. Ba wani ba, wannan. Ko fitsari ya matse ka ka riƙe.

Kuma ka tanadi abin da za ka ɓata. Haule a gidan shanu ta tashi, ba wanda ya fi ta sanin kaɗa nono a Toranke. Ka tambaye ta yadda ake fitar da man shanu tun daga tatsa, ka riƙa kawo shirme tana gyara maka. Ka bari ta ce maka ba ka san komai ba. Kai da kake gyara wa yara arba'in kuskure kullum, ka daure ka zama daƙiƙin aji na awa ɗaya. In ka rasa yadda ake yi, ka tuna da ni.

Bayan an fito kada ta lanƙwasa hannun sai an ce, kada ka ba ta ruwa sai an ce. Abin da likita ya gano ka sa ya maimaita har ka gane, ka gaya mata duka, mai daɗi da marar daɗi. Sannan ka bugo mana wayar tangaraho ta Gaya. Kada ka ƙara komai a kan abin da ya faru. Ƙari yana da daɗi a shekarar farko.

Ni kuwa ga inda tawa ta tsaya. Na nemi gafarar innarka. Ta ce faɗuwar ba laifi ba ce, ba ni na kayar da kaina ba. Laifina biyu: na matsa daga inda ta ce in tsaya, kuma na shekara takwas ina cin yabon matar da ko sunanta ban tambaya ba. Ta ce jibi Juma'a, in an sauko masallaci zaure ya cika, a kirawo Malam Iro, in ba da labarin daga farko yadda ya faru, ita tana bayan zana. Na ce na yarda, amma a rage mini wurin da mutum uku suka ja ni waje da rigar dalma.

Ta ce, "Huɗu ne."

Na ce, "Mai sharar ya ce uku."

Ta ce, "Shi ne na huɗun. Shi ya riƙo takalmanka."

Laifin cin yabo zan biya shi jibi, ko da za a shekara ana yi mini dariya a kasuwar Ajingi. Ɗayan ne ban san yadda zan yi da shi ba, don ba za a sake kwantar da ita a wancan tebur ba, Allah Ya kiyaye, balle in gyara tsayuwata. Yau da safe tana tuyar ƙulin guzurinku na jawo kujera na zauna daidai gabanta. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce in matsa, ina tare mata haske. Na matsa kaɗan. Ban tashi ba.

Allah Ya tsare ku a mota da jirgi, Ya tsare ku a garin da ba ku san kowa ba. Allah Ya daidaita hannun likita, Ya sanyaya zuciyar Haule, Ya ƙarfafa gwiwoyinka fiye da na ubanka. Innarka tana gaishe ku, ta ce yarinya tana hannunta kada ku sa ta a rai. Ranar Juma'a in kun sami masallaci, bayan kun roƙa wa Haule lafiya, ku ɗan saka ni a ciki.

Ni ne mahaifinka,
Habu mai faci, Ajingi.